Kafin ka tura wa zaure waƙar da kake saurare

A zaurukan masoya tsofaffin waƙoƙi na WhatsApp da Telegram, da an idar da sallar isha'i sai a fara jefo waƙoƙi. Wani ya ce shi yau kotso ne a kunnensa tun safe, wani ya ce kukuma ta hana shi sakat, wata ta turo amada ta ce ta tuna mata da bikin gidansu. Wannan zama shi ya gaji wanda ake yi a da a gindin rediyo ko a bakin shagon mai kaset, kuma ta hanyarsa waƙoƙi da yawa da aka ɗauka sun ɓace suka sake fitowa. Sai dai ka sauke waƙar da aka turo ka dubi sunanta a wayarka, ka ga AUD-20240512-WA0007. Ka kunna ta, ka ji murya kamar daga cikin tulu, kiɗan kuma ya cakuɗe ba ka bambance kalangu da kuntukuru. A tambayi wanda ya turo, wa ya yi ta, wa aka yi wa? Ya ce shi ma haka aka turo masa. Abu biyu ke zubewa a hanya, sauti da suna, kuma duka biyun a hannun mai turawa suke zubewa.

Akwai masu cewa waƙa tana ƙoƙewa idan ta sha turi daga waya zuwa waya, kamar yadda kaset ke yi idan aka yi ta kwafe shi. Ba haka ba ne. Bluetooth da Xender da memori suna kai fayil yadda yake, ko sau dubu aka tura shi ba abin da zai ragu. Sauti yana lalacewa ne duk lokacin da aka sake matse shi. MP3 tun asali zubar da wani ɓangare na sauti yake yi don fayil ya ƙanƙance. Idan aka ɗora shi a bidiyo aka sa a status, an matse shi karo na biyu. Wani ya sauke bidiyon ya juya shi zuwa MP3, karo na uku ke nan. Wani ya yanke farkonsa da manhajar yanka waƙa, na huɗu. Abin da aka zubar a kowane karo ba ya dawowa.

Mafi muni shi ne a kara waya a bakin sifika a danna saƙon murya. An tsara saƙon murya ne don maganar mutum ɗaya, ana matse shi ƙwarai don kada ya ci data, kuma wayoyi da yawa suna da tsarin rage hayaniya wanda ke ɗaukar kiɗa a matsayin hayaniya. Shi ya sa za ka ji da mawaƙi ya buɗe baki ganga ta nutse, da ya yi shiru ta taso. A waƙar fada, inda 'yan amshi ke karɓewa da ƙari kafin jagora ya rufe baki, wannan tsari yana haɗiye rabin aikin.

Girman fayil kaɗai ya isa ya gaya maka abin da ke hannunka. MP3 mai kilobit 128 a daƙiƙa yana cin kusan megabayit 1 a minti, wato waƙar minti 30 za ta kai megabayit 29. Mai 320 zai kai 72, mai 64 kuma 14. Idan ka ga waƙar rabin awa a megabayit 7, to an matse ta zuwa 32, ba sai ka kunna ba ka san ta sha wuya. Kada kuma babban lamba ya ruɗe ka. Ana ɗaukar mai 64 a juya shi zuwa 320 a ce an gyara, alhali nauyi kawai aka ƙara masa, sautin yana nan yadda ya lalace.

Idan za ka tura a WhatsApp, ka bi ta Document, kada ka bi ta Audio. Ta Document fayil yana isa da sunan da ka ba shi, kuma tun 2022 ana iya tura har gigabayit 2. Ta Audio ne waya ke sauya masa suna zuwa waccan lambar ta AUD. Telegram ya fi dacewa da zauren da ke son tara waƙoƙi, domin wanda ya shigo bana zai iya komawa ya ɗauki abin da aka saka bara.

Yawancin waƙoƙin da ake nema ido rufe ba a intanet suke ba, suna cikin kwali a ƙarƙashin gado, a kaset. Nan ne aikin yake, kuma nan aka fi yin ɓarna, domin kwafen farko shi kowa zai gada.

Kafin kaset ya shiga rikoda, ka ɓalle 'yan kunnuwan nan biyu na samansa idan suna nan, don ko hannu ya kuskure ya danna jan maɓalli kada ya goge. Ka leƙa ta tagarsa. In ka ga farin gari kamar toka a gefen zaren, funfuna ce ta damina, kada ka sa shi a rikodar da kake ji da ita sai an goge. Ka dubi ƙasansa, tsakiyar inda zare ke wucewa, akwai ɗan soso a kan siririn ƙarfe, shi ke danna zare a jikin hed, wato ɗan ƙarfen rikoda da ke karanta sautin zare. A tsohon kaset gam ɗinsa kan bushe ya faɗi, sai sauti ya riƙa zuwa yana tafiya. Ana ciro na wani kaset a mayar. Idan gidan kaset ɗin ya fashe ko ya lanƙwashe saboda zafin gaban mota, ka kwance sukurorinsa guda biyar ka mayar da zaren cikin gida mai kyau. In zare ya tsinke, kada ka liƙa da salatif na kanti, gam ɗinsa yana narkewa ya manne zagayen da ke kusa. Akwai siririn tef na musamman na haɗa zare, kuma a bayan zare ake liƙa shi, ba a fuskar da ke gogar hed ba. Daga nan ka tura kaset ɗin gaba har ƙarshe, ka dawo da shi har farko, don zaren da ya shekara ashirin a naɗe ya saki jiki.

Ita rikoda, ƙananan nan masu wayar USB da ake sayarwa da sunan juya kaset zuwa MP3 ban ba da shawararsu ba. Injinsu ba ya riƙe gudu ɗaya, sai ka ji goge yana rawar murya kamar mai jin sanyi. Tsohuwar dek, wato babbar rikodar kaset ta ɗaki, 'yar gwanjo wadda mai gyaran rediyo ya sauya wa bel ta fi su nesa ba kusa ba. Ka sami tsinken goge kunne da sifirit ɗin isopropyl mai kashi 90 ko sama, ka goge hed da siririyar sandar ƙarfen da ke jan zare, har audugar ta daina fitowa da launin ƙasa. Tayar robar da ke danne zare a jikin sandar kuwa ɗan ruwa ya ishe ta. Ban da fetur, ban da tina, suna cinye roba. Idan tayar ta yi ƙyalli ta taurare, ita ce ke cin kaset, a sauya ta. Tsohon zare yana zubar da gari, don haka a sake gogewa bayan kowane kaset ɗaya ko biyu, musamman lokacin hunturu.

Akwai gyara ɗaya da ya fi duk wata manhaja amfani, kuma kaɗan ne ke yin sa. Hed yana zaune a kan sukurori biyu, ɗaya mai sifirin a ƙarƙashinsa. Shi ke daidaita tsayuwar hed da layin sautin da ke kan zare. Kaset ɗin kasuwa an kwafe su ne a injuna barkatai, kowanne da karkacewarsa, shi ya sa kaset zai yi dishi-dishi a rikodarka alhali sautin yana nan lafiya a jikin zaren. Ka yi wa sukurun alama da alƙalamin maka don ka san inda yake, ka sa kaset yana tafiya, ka haɗe sautin hagu da dama wuri ɗaya, sannan ka juya a hankali da ƙaramin sukudireba wanda ba shi da maganaɗisu. Ba ya wuce rubu'in zagaye ta kowane ɓangare. Ka kasa kunne ga harafin s a bakin mawaƙi da ƙarar makaɗi a kan tantani. Akwai wurin da za ka ji kamar an yaye labule, to nan za ka tsaya. Kowane kaset, kai kowane gefe, da nasa wurin. Maɓallin Dolby kuma, na rage shuuu ɗin kaset, a bar shi a kashe, sai in an rubuta a jikin kaset cewa da shi aka ɗauka, in ba haka ba zai dushe kaifin sauti.

Daga dek zuwa kwamfuta, ramin makirfo na laftof ba ya ɗaukar ƙarfin da dek ke fitarwa, sauti zai fashe. Ana amfani da ɗan akwatin sauti na USB mai ramukan ja da fari, irin Behringer UCA202. Manhajar ɗaukar sauti ta Audacity kyauta ce. Ka saita ta a 44,100 da bit 16 ko 24, ka nemo wuri mafi ƙara a waƙar, galibi inda 'yan amshi suka haɗa baki da kiɗa, ka rage har ma'aunin ya tsaya wajen -6. Idan ya taɓa sifili ya yi ja, wannan fashewar ba ta da magani sai sake ɗauka. In ka ji wani ƙugi a ƙarƙashin waƙa, ka cire cajar laftof ka bar shi a batir, sau da yawa nan take zai ɗauke. Wutar janareta ta fi kawo wannan matsala. Ka ajiye ɗaukar farko a WAV, wato fayil ɗin sauti da ba a matse ba, ba tare da ka taɓa komai ba. Gefe ɗaya na kaset mai minti 90, wato minti 45, zai ci kusan megabayit 475 a bit 16. A kan kwafinsa za ka yi gyara.

Gudun kaset santimita 4.76 ne a daƙiƙa, amma injunan kwafi na kasuwa ba su cika kiyaye shi ba. Ƙarin kashi 3 cikin ɗari kawai zai sa waƙar minti 30 ta ƙare da saura daƙiƙa 52, murya ta sirance. In ya kai kashi 6, sai dattijo ya koma kamar saurayi, kalangu ya riƙa sauri kamar ana korarsa. Mutane da yawa sun saba da muryar wasu makaɗa a gurguje har suna ɗauka haka take. Ana ganewa ta hanyar gwada muryar da wani ɗauka mai kyau na mawaƙin a shekarun da suka yi kusa. Akwai kuma wata dabara. Wutar lantarki a Najeriya da Nijar tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, kuma ƙuginta yakan shiga ɗaukar asali. Idan ka duba zanen sauti a Audacity ka ga ƙugin a 51.5, to kaset ɗin yana gudu da ƙarin kashi 3. Ka tabbatar dai ƙugin na cikin zare ne ba na wayoyinka ba, ta hanyar tsayar da kaset ka ga ko ya ɗauke. A gyara da Change Speed (a sabuwar Audacity sunansa Change Speed and Pitch), wanda ke sauke gudu da murya tare, ba Change Tempo ba.

Rage shuuu ɗin kaset shi ne inda hannu ya fi zarcewa. Ana zaɓar daƙiƙa ɗaya ko biyu na wurin da ba kiɗa, a nuna wa manhaja, sannan a rage da kamar 6. Wanda ya kai shi 20 zai sami shiru, amma zai ji muryoyi suna ƙyalƙyala kamar a ƙarƙashin ruwa, gogar izga a kan tsirkiyar kukuma ta tafi, amon ƙwarya ya mutu. A ganina ɗan shuuu da cikakken sauti ya fi tsabtar da ta kashe kiɗa. Haka masu ƙara amsa-kuwwa, ko su ɗora kiɗan fiyano a ƙarƙashin tsohuwar waƙa. In mutum zai yi, ya rubuta cewa ya yi, kuma ya tura ta asalin tare. Yawancin waɗannan ɗauka layi ɗaya ne, hagu da dama abu guda, don haka MP3 mai layi ɗaya a 96 ko 128 ya wadatar. A matse sau ɗaya tak, daga WAV.

Sai suna, wanda ɓatansa ya fi na sauti ciwo, domin sauti ana iya sake ɗauka in kaset yana nan, amma in waɗanda suka san waƙa suka ƙare shi ke nan. A wayoyi da yawa duk waƙar kalangu ta Shata ce, duk ta fada ta Ɗanƙwairo ce. Kayan kiɗa ne matakin farko na tantancewa. Mamman Shata da Ɗan'anace da Sani Sabulu kalangu ne. Ibrahim Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru kotso. Salihu Jankiɗi da Aliyu Ɗandawo taushi. Ɗanmaraya Jos kuntigi, Haruna Uji gurmi, Garba Supa da Ahmadu Doka da Hassan Wayam kukuma, Barmani Choge ƙwarya. Kalangu da makaɗi ake buga shi, kuma muryarsa tana hawa tana sauka saboda matsa tsirkiya a hammata. Kotso da taushi da hannu ake kaɗa su, fuska ɗaya gare su, amonsu ya fi taushi a kunne. Wanda ya riƙe wannan kaɗai ya rage rabin kuskure.

Bayan kiɗa sai harshe. Munka da sunka da shina sun nuna maka yamma, ƙasar Sakkwato da Zamfara da Kabi da Gobir har cikin Nijar, ba Kano ko Haɗeja ba. Amma harshe ba zai raba maka Narambaɗa da Sa'idu Faru ba. Nan sai a saurari waƙar har ƙarshe, domin makaɗi ba ya rasa ambaton kansa da kirarinsa, ya ambaci ubangidansa da garinsa, wani lokaci har ya kira yaransa da suna. Narambaɗa makaɗin Sarkin Gobir na Isa ne, Jankiɗi kuma ya zauna a fadar Sarkin Musulmi Abubakar na Uku. A kuma lura da 'ya'yan makaɗa da suka gaji iyayensu, suna rera waƙoƙin gidansu da murya mai kama. Wannan ba laifi ba ne, amma a rubuta sunan wanda ya rera.

Waƙar baka ba ta zuwa da take a rubuce. Ana kiranta da gindinta, wato amshin da ake komawa gare shi, ko da sunan wanda aka yi wa. Ka rubuta duka biyun. Take ɗaya yana iya zama na waƙa biyu: Narambaɗa yana da Bakandamiya, Shata ma yana da tasa. Ta Shata ma ba sau ɗaya ya rera ta ba, kuma kowane rerawa da ɗiyan waƙa, wato baitoci, da ya ƙara ko ya rage. Don haka kada ka goge wata don kana da mai irin sunanta. Ka rubuta tsawon kowacce da inda ta fito, ta rediyo ce, ta faifai ce, ko ta wajen biki. Idan muryar mai gabatarwa ta Rediyon Kaduna ko Muryar Sahel ta shiga farkon ɗaukar, kada ka yanke ta a kwafin ajiya, shaida ce.

Shekara kuwa, in ba ka da tabbas kada ka ƙirƙira, domin da ka rubuta lamba ta zama gaskiya a zaure goma. Waƙar da kanta takan ba da iyaka. In an ambaci naira, ba ta riga Janairun 1973 ba. Amma ambaton fam da sule ba ya nuna ta riga, domin mutane sun daɗe suna kiran naira biyu fam. In an ce jihar Katsina, daga 1987 ne. Jigawa da Kebbi da Yobe 1991, Zamfara 1996. Sarautar da aka kira mutum da ita ma ma'auni ce, in an san lokacin da aka naɗa shi. Ta ɗaya gefen kuma rasuwar makaɗi ce iyaka: Ɗanƙwairo 1991, Shata 1999, Barmani 2013, Ɗanmaraya 2015. Waƙar da ta ambaci jihar Zamfara ba muryar Ɗanƙwairo ba ce, komai kamarta da shi. Rubuta tsakanin shekara kaza da kaza ya fi lamba ɗaya ta ƙarya.

Duk wannan bayani a cikin fayil ɗin ya kamata ya zauna, ba a saƙon da ya raka shi kawai ba, domin saƙo yana tsayawa a zaure, fayil ya ci gaba da tafiya. Manhajar Mp3tag tana buɗe guraben mawaƙi da take da shekara da sharhi. A nan ka sa ƙ da ɗ da ɓ yadda suke. A sunan fayil na waje kuwa gara a bar su da k da d da b, saboda rediyon mota da ƙananan rediyo masu memori suna mayar da su akwatuna ko alamar tambaya. Irin waɗannan rediyo sau da yawa ba sa karanta memori mai gigabayit 64 sai an yi masa fomat zuwa tsarin FAT32, mai 32 ko ƙasa ya fi zama lafiya da su. A yi hattara da memorin jabu, wanda zai nuna 64 alhali cikinsa 8 ne. Zai karɓi waƙoƙi har ya wuce iyakarsa, sunaye suna nan, ka kunna ka ji wayam. Manhajar H2testw tana cika shi ta karanta ta faɗi gaskiyar girmansa, a gwada kafin a zuba masa aikin wata guda.

Mawaƙin da ke raye yana da waƙarsa a YouTube ko Audiomack ko Boomplay ko Spotify, linki za ka tura, ba fayil ba. Sauraron da aka yi a can ana ƙirga masa, wanda aka yi ta turi ba ya ganin ko kwabo. Su ma waɗanda suka rasu suna da magada, kuma dokar Najeriya ta ba waƙa kariya har shekara 70 bayan rasuwar mai ita. Adanawa da musaya tsakanin masoya daban, ɗora ta a shafi da tambarin muryarka a tsakiya kana karɓar kuɗin talla daban.

In ka zo turawa, ka faɗi abin da ya kama ka a cikinta da mintin da yake. Waƙar minti 40 ba kowa zai sauke ta da datarsa ba don kawai an ce tana da daɗi. Amma in ka ce a saurari minti na 12, inda jagora ya yi shiru ya bar wa 'yan amshi ɗan waƙar gaba ɗaya, ko inda kalangu ya faɗi kirarin kafin baki ya faɗa, za a sauke. Ka ƙara da cewa a sa iyafis, domin sifikar waya ba ta fitar da kaurin babbar ganga. In akwai kalmar da ta shige maka duhu, sunan gari ko na doki ko wata tsohuwar sarauta, ka rubuta ta yadda ka ji ta da mintinta ka tambaya, a zauren akwai 'yan ƙasar da aka yi waƙar.